Buhun Rediyon Malama Murjanatu: Jinjina ga Malam Kalilu na Daura

Shekara talatin da takwas ke nan, in an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, Malam Kalilu kan turo kekensa daga gida zuwa rumfarsa da ke bakin kasuwar Daura. Ba ya hawa sai ya fita daga lungu, saboda gwiwa ta daɗe da fara yi masa gardama. In ya isa ya buɗe kwaɗo, ya yayyafa ruwa a ƙofa ya share, sannan ya hura gawayi a ɗan kasko ya cusa ƙarfen liƙi a ciki. Yana da ƙarfe mai aiki da lantarki, amma ya daina dogaro da shi tun kansa bai yi furfura ba. Kafin ƙarfen ya yi zafi zai goge tabarau da gefen riga, ya jawo rediyon da ya kwana a kan teburi, ya kara a kunne ya saurara, kamar yadda ake sauraron numfashin marar lafiya.

Duk kasuwar sun san shi da Kalilu Mai Rediyo. Da can layi ake yi a ƙofarsa ranar kasuwa, mutanen ƙauye da rediyoyinsu a naɗe cikin tsumma. Yanzu kowa yana da waya a aljihu, kuma rediyoyin da ake kawowa sababbi in sun lalace jefarwa ake yi. Wani lokaci sai ya wuni tun safe har la'asar bai gyara ko guda biyu ba. Duk da haka bai taɓa fasa zuwa ba. Ƙarshen watan nan ne zai rufe rumfar, ba don aiki ya ƙare ba, don ido ya ƙi. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa.

Ba zan iya lissafa duk abin da ya yi a shekarun nan ba, shi ma ba zai iya ba. Abu guda zan kawo, wanda mutum uku suka shaida: Alhaji Sabiru tela, maƙwabcinsa a kasuwa, Hasana matar Malam Kalilu, da kuma Malama Murjanatu, shugabar wata firamare a wani ƙauye gaba da Baure.

A shekarar korona ne, bayan an sassauta dokar hana fita. Kasuwa ta buɗe, amma makarantu na rufe, an koma koyar da yara ta rediyo, da rana tsaka. Wata safiya sai ga ɗan acaba ya tsaya a ƙofar rumfar, wata mata mai matsakaitan shekaru ta sauko, ƙafafunta duk sun sage. An ɗauro buhu a bayan babur. Ta yi sallama, suka gaisa, ta gaya masa sunanta da aikinta, sannan ta sa ɗan acaban ya kwance buhun a gabansa.

Rediyo ne arba'in da ɗaya. Gida gida ta bi ta tattaro su, daga ƙarƙashin gado, daga saman rumbu, wasu ma zanzaro ya yi gini a ciki.

Ta ce, "Baba, yarana sun yi wata biyu ba su ji kalma ɗaya ta karatu ba. 'Yan aji shida suna da jarrabawa a gaba. In suka wuce damina a haka, rabinsu ba za su dawo ba, na san iyayensu. An ce mini in ba kai ba, ba wanda zai kalli waɗannan."

Malam Kalilu ya matso kusa. Ya ɗauki rediyoyin ɗaya bayan ɗaya yana murɗa abin neman tasha. Alhaji Sabiru ya ce yana kallonsa daga kan keken ɗinki, ya ga kafaɗunsa suna ƙara sauka. Tara daga ciki ƙananan cuta ce ke damunsu, waya ta tsinke ko gidan batir ya yi tsatsa. Huɗu sun mutu mutuwar da ba tashi. Sauran ashirin da takwas kuwa ciwonsu ɗaya: ɗan akwatin roba da ake murɗawa a nemi tasha ya narke ko ya ci kansa. Wannan abin an daɗe da daina kawo shi Daura. Sai Kano, kuma a lokacin an hana tafiya daga jiha zuwa jiha.

Ya cire tabarau ya ce, "Malama, tasha nawa kike so su kama?"

Ta ce, "Guda ɗaya. Wadda ake karatun. Su kama ta su riƙe."

Ya ce, "To ki ba ni mako guda, in Allah ya so."

Sai in ɗan tsaya in bayyana abin da ya yi niyya, yadda shi da kansa ya bayyana mini. A cikin kowace rediyo akwai wani sashe da masu gyara ke kira osileta. Aikinsa shi ne ya yi ta kaɗawa, in kaɗawar ta zo daidai da tashar da ake nema sai murya ta fito. Ɗan akwatin robar nan shi ke ƙara saurin kaɗawar ko ya rage. In babu shi, akwai wani abu da zai iya tsaya masa, ana ce masa barikaf. Wani irin dayod ne, wato abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, mai ƙafa biyu. Ba a murɗa shi. Wuta ake ƙara masa ko a rage, shi kuma ya sauya kaɗawar. In aka haɗa shi da maɓallin ƙara murya na wata matacciyar rediyo, sai a sami abin neman tasha.

Matsalar ita ce barikaf na gaske ba ya cikin kayan da talaka ke tsinta a ko'ina, kuma kowace rediyo biyu take so, waɗanda halinsu ya zo ɗaya. Malam Kalilu yana da guda shida kacal a gwangwani. Amma ya san wani abu da ba kowane mai gyara ya sani ba: dayod na gama-gari, irin wanda ke cikin kowace matacciyar cajar waya, in aka juya shi baya da gaba, yakan ɗan yi aikin barikaf. Matattun caja kuwa ba su da wuyar samu. Masu cajin waya na kasuwar suka cika masa kwano ba tare da sun karɓi komai ba.

Ya haɗa ɗan abin gwaji a cikin gwangwanin kifi: ƙaramar osileta, da zaren tagulla da ya naɗe a jikin biro, da 'yan maƙalai biyu. Sai ya kunna tasa rediyon mai lafiya a wurin da babu tasha, tana ta shuuu. In ya maƙala dayod ya murɗa, duk inda ƙarar ta ɗauke sai ya yi alama da fensir. Waɗanda alamarsu ta faɗa wuri ɗaya ya haɗa su biyu biyu. Da sanyin safiya yake wannan aiki, lokacin da idonsa ya fi gani.

Dama tun shekarar da ta gabaci wannan, wani likitan ido ya gaya masa jijiyar ganinsa ta fara mutuwa, musamman ta idon hagu. Ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu da magani. Malama Murjanatu ba ta san da wannan ba, shi kuma bai faɗa ba.

Ranar da mako ya cika ta dawo, ya ba ta rediyo ashirin da ɗaya: tara masu ƙaramar cuta, da goma sha biyu da ya sa wa dayod ɗin caja. Ya kunna kowace a gabanta, murya ta fito tar. Ta yi ta sa albarka har ta hau babur.

Kwana huɗu sai ga ta. Goma sha biyun nan suna cikin buhu.

Malam Kalilu ne ya ce lallai in rubuta wannan, kada in tsallake. Ta sauke buhun, ta zauna a kan bencin Alhaji Sabiru tana fifita da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Baba, da safe lafiya ƙalau suke. Ana fara karatun sai muryar ta dinga nisa, tana nisa, har ta ɓace. Yara su murɗa, ta dawo, kafin malamin ya gama jimla ta sake guduwa. Jiya wani uba ya ce mini in daina tara masa 'ya'ya a rana ana sauraron iska, gona na jira. Na rasa abin da zan ce masa."

Malam Kalilu ya tambaye ta, "A ina yaran ke zama?"

"Gindin bishiya. Wasu a tsakar gida."

"Rediyon fa?"

"A ƙasa, ko kan turmi."

"Rana na dukan ta?"

Ta ce, "Wani lokaci. Inuwar ba ta isar kowa."

Malam Kalilu ya jawo buhun gabansa. Ya ce, "Laifina ne, Malama. Da sanyi na gwada su, su kuwa da zafi za su yi aiki. Shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a, bai kamata ya wuce ni ba. Ki bar su."

Ta ce, "Baba, in ba zai yiwu ba ka gaya mini. Na gaji da yi wa iyaye alƙawari."

Ya ce, "Ni ma na gaji. Amma ki bar su."

Abin da ya faru shi ne, dayod ɗin caja ba ya jure zafi. Da jikinsa ya ɗumama sai halinsa ya sauya, kaɗawar ta zame, tasha ta gudu. Arha ce ta ja shi, kuma arhar ba laifi ba ce, don ba wani zaɓi. Laifin shi ne bai tace ba.

Washegari bai buɗe rumfa da wuri ba. Ya tura keke har wajen 'yan gwangwan, inda ake jibge tsofaffin talabijin masu ƙaton baya. A cikin kowanne akwai ɗan akwatin ƙarfe mai kamo tasha, kuma a cikin akwatin akwai barikaf na gaske, uku ko huɗu. Ya wuni a tsugune cikin fasassun kwalabe yana ɓalle su. Ya dawo da yatsu biyu a yanke. Ya kuma tattara jajayen 'yan fitilun nan da ke gaban rediyo da caja, don su ma in an juya su suna yin aikin, sai dai dole a shafe kansu da baƙin fenti, in ba haka ba haske ma yana ruɗa su.

Daga nan ya sauya lokacin gwaji. Da an yi sallar azahar sai ya fito da teburinsa daga inuwar rumfa ya kafa a rana. Bazara ce ta kai ƙarshe, hadari na haɗuwa yana watsewa, ƙasa na turiri. Ya shimfiɗa murfin tukunya ya jera dayod a kai har su yi zafin da ba a iya riƙe su da yatsa. Ya ɗauki ɗaya da hantsaki ya maƙala, ya saurara, ya yi alama. Ya kai shi inuwa ya huce, ya sake maƙalawa. In alamar zafi da ta sanyi sun yi nisa da juna, ya jefa shi a kwanon banza. In sun yi kusa, ya ajiye a gidan ashana.

Alhaji Sabiru ya ce ya yi masa magana har ya gaji. "Na ce masa, Kalilu, kai ba yaro ba ne. Ka bar su a ranar, kai ka koma inuwa. Ya ce in ya ɗauko su ya taka zuwa inuwa sun riga sun huce, gwajin ya zama ƙarya. Sai na kawo masa lema na ɗaure a jikin kujera. Ita ma da ƙyar ya yarda, wai kada ta kare murfin."

Kwana tara ya yi a haka. Dayod ɗin da suka bi ta hannunsa sun haura ɗari uku. Na caja kusan duk suka faɗi. Jajayen fitilu ƙalilan suka tsira. Na talabijin ne suka fi riƙe hali, amma su kuma an yi su ne don wuta mai ƙarfi, ba don batir huɗu ba, sai ya sake tace su ya ware waɗanda ke motsawa da 'yar ƙaramar wuta. A ƙarshe ya sami hamsin da shida da ya yarda da su, daidai rediyo ashirin da takwas, babu rarar ko ɗaya.

Hasana ta ce a kwanakin nan in ya dawo gida da yamma ba ya iya cin tuwo sai ya kwanta ta ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a ido. Ta ce masa, "Malam, 'ya'yan wa kake kashe kanka a kansu? Ko fuskarsu ba ka sani ba." Ya ce mata, "Matar nan na gaya mata ta bar su. Ta bari." Maganin ɗigawar da yake sawa a ido ya ƙare a tsakiyar aikin, kuma ba a same shi a garin ba sai bayan makonni. Ba wanda zai iya rantsewa cewa kwanakin nan ne suka ƙarasa idon hagu. Likita ma bai ce haka ba. Hasana dai ta ce ita ta san yadda mijinta ya shiga watan da yadda ya fita.

Da ya gama liƙa su, bai aika wa Malama Murjanatu ba tukuna. Ya jera rediyo ashirin da takwas a ƙofar rumfa, a rana, ya kunna su duka a lokacin karatu. Mutanen kasuwa suka taru suna kallo. Muryar malamin lissafi ɗaya tana fita daga baki ashirin da takwas, tun daga sallama har zuwa sai gobe. Biyu suka ɗan zame, ya buɗe su ya musanya dayod ɗinsu a tsakaninsu, ya sake gwadawa washegari. Sannan ya ce a gaya mata ta zo.

Da ta zo ya gaya mata gaskiyar abin da zai ba ta. Ya ce, "Ba za su kama duk tashoshi ba, biyu ko uku ne. In batir ya yi sanyi a canza, kada a tafasa shi ko a shanya. Kuma duk wadda ta gudu a dawo mini da ita."

Ba a dawo da ko ɗaya ba. Malama Murjanatu ta raba yaran rukuni rukuni, kowace rediyo da gida huɗu ko biyar, manyan 'yan aji suna kula da ƙanana. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, da rana tsaka kuma a dawo a zauna a saurara. Ba ta ce mini kowa ya tsira ba. Ta ce da aka buɗe makaranta, cikin 'yan aji shida talatin da huɗu, ashirin da tara suka dawo. Biyar ɗin har yau tana kiran sunayensu. Ta ce, "Amma ni na san ƙauyena. Da babu muryar nan kullum, da goma ma ban gani ba."

Malam Kalilu, kai ne wanda aka kawo wa shara a buhu ka mayar da ita aji. Kai ne ka yi kuskure ka ce naka ne, ba ka ɗora wa kaya ba, ba ka ɗora wa yara ba. Ba a kira sunanka a wani taro ba, yaran nan ma da yawansu ba su san akwai ka ba. Gwanin kunne, mai haƙurin tacewa, mun gani ko da mun yi shiru.

Shekarun da suka biyo baya ya ci gaba da zuwa, da ido ɗaya da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Aikin da yake yi kafin gawayi ya ci rabi ya koma ɗaukar masa wuni. A watan jiya wani dattijo makiyayi ya kawo masa rediyo, waya guda ce ta cire, gyaran da a da yake yi yana hira. Ya ɗauko ƙarfe, ya kai darma, sai ta ɗiga a gefe. Ya goge ya sake, ta ɗiga a yatsansa. Sau biyar yana gwadawa. Daga nan ya ajiye ƙarfen, ya rufe bayan rediyon, ya ɗaure kusoshinta da lalube, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baffa. Na san abin da ke damunta, amma ba na ganin wurin."

Alhaji Sabiru ya ce a ranar ne ya fara ganin kaya ya fita daga rumfar nan yadda ya shiga. Bayan dattijon ya tafi, Malam Kalilu ya zauna har gawayin ya mutu, sannan ya ce, "Sabiru, ƙarshen wata mai zuwa zan miƙa makulli."

Mun gode, Malam. Mutanen Daura da ƙauyukanta da suka ji labaran duniya ta hannunka sun gode. Malama Murjanatu ta ce in isar maka da gaisuwa, ta ce tana nan tafe kafin ka rufe. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa hutun nan ya zama hutu.

Ku kuma masu gyaran waya da sola da talabijin na yanzu, ba a ce ku zauna a rana ba. Abin da ake roƙonku shi ne, in kun sa wa talaka abu mai arha, ku gwada shi a inda zai yi aiki, ba a inda ya fi muku daɗi ba. In ya dawo, ku karɓa ku ce naku ne. Malaman makarantun sana'a, ku ma da ku nake. Mutumin nan yana raye, hankalinsa garau, duk abin da ya sani yana nan a kansa, kuma bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ya ce daga wata mai kamawa zai riƙa zama a zauren gidansa tsakanin la'asar da magariba, duk wanda ya zo da tambaya zai amsa masa. Ya sa Hasana ta wanke tabarma ta biyu. Ku je tun yana iya gane muryar mai sallama.